Wa Ya Sa Kirsimeti Ranar 25 Ga Disamba?

A cikin littattafan Bishara huɗu, biyu ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar Yesu Almasihu, wato Matiyu da Luka. Dukansu sun faɗi garin, Baitalami ta Yahudiya. Matiyu ya kawo labarin Sarki Hirudus da masanan da suka biyo tauraro daga gabas. Luka ya ambaci ƙidayar da Kaisar Augustas ya ba da umarni a yi, da makiyayan da ke kwana a fili suna tsaron garkensu. Amma ka karanta surorin nan daga farko har ƙarshe, ba za ka ci karo da sunan wata ba, balle rana. To ina aka samo 25 ga Disamba?

Duk shekara, da hunturu ya kankama teloli suka fara kwana a shago, sai tambayar nan ta dawo, a majalisa da kuma a Facebook. Amsar da ta fi yawo kuwa guda ce: wai bikin Romawa masu bautar rana ne, Sarki Konstantin ya ɗauko ya sauya masa suna. Kiristoci da yawa in aka jefo musu wannan sai su yi gum, ko su ce ai ba ranar ce abin dubawa ba. Alhali zargi ne da za a iya bincikawa, tunda mutanen wancan zamani sun bar rubutu. Bari mu kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda sawun zai kai mu.

Shekara ɗari biyu ba biki

Masu bi na farko ba su yi Kirsimeti ba. Babban idinsu shi ne na mutuwar Yesu da tashinsa daga matattu, wanda muke kira Ista. Shagalin ranar haihuwa ma ba su ɗauke shi abin kirki ba. Orijin, babban malamin Iskandariya da ya rasu wajen shekara ta 254, ya lura cewa a cikin Littafi Mai Tsarki sarakuna biyu aka nuna suna bikin ranar haihuwarsu, kuma kowannensu ya zub da jini a ranar: Fir'auna ya rataye shugaban masu toya masa gurasa, Hirudus ɗan wancan Hirudus ya sa aka fille kan Yahaya Mai Baftisma.

Duk da haka masu son sani ba su bar lissafi ba. Wajen shekara ta 200, Kilemen na Iskandariya ya jero ranakun da mutanen Masar ke ambata: wasu 20 ga Mayu, wasu 19 ko 20 ga Afrilu. Ya ce kuma akwai wata ƙungiya da ke bikin baftismar Yesu a ranar 6 ko 10 ga Janairu. Babu Disamba a jerin nasa. Makiyayan Luka ma ba su raba gardama ba. Wasu na cewa Disamba lokacin ruwa da sanyi ne a tuddan Yahudiya, ba mai kwana a fili. Wasu su amsa cewa ai ruwan ne ke fito da ciyawar da ake kai tumaki. Ke nan sai mu nemi takarda.

Littafin attajirin Roma

A shekara ta 354 wani gwanin rubutu a Roma mai suna Filokalus ya shirya wa wani attajiri Kirista, Balentinus, kundin kalanda. Na ainihin ya ɓata, amma kwafe-kwafensa sun iso mu. A ciki akwai zanen watanni goma sha biyu, da ranakun haihuwar sarakuna, da jadawalin Ista, da jerin bishop-bishop na Roma, da jerin shahidai. Jerin shahidan nan abu ne mai sauƙi: rana, sunan wanda aka kashe, da maƙabartar da aka binne shi, don masu bi su san inda za su taru. Sai dai layin farko ba na shahidi ba ne. An rubuta 25 ga Disamba, haihuwar Almasihu a Baitalami ta Yahudiya, daga nan sauran ranakun shekara suka biyo.

Jerin ya girmi littafin da yake ciki. Abin da ya nuna haka shi ne ɗan'uwansa na bishop-bishop: an tsara sunaye bi da bi bisa watannin shekara, amma waɗanda suka rasu daga ƙarshen 336 zuwa gaba an liƙa su ne daga ƙasa. Da wannan masana suka gane cewa a shekara ta 336 ikilisiyar Roma ta riga ta san 25 ga Disamba.

Sai ka juya wasu shafuka zuwa kalandar hukuma a cikin littafin nan dai. A gaban 25 ga Disamba an rubuta bikin haihuwar wani abin bauta mai laƙabin wanda ba a cin nasara a kansa, laƙabin da aka saba yi wa rana, tare da tseren karusai sau 30, alhali a yawancin bukukuwa sau 24 ake yi. Biki biyu a rana ɗaya, cikin littafi ɗaya. Daga nan zargin ya samo ƙarfinsa.

Waɗanda ake zargi

Na farko shi ne Satunaliya, babban shagalin Romawa na ci da sha da musayar kyauta, inda har iyayengiji kan yi wa bayinsu hidima. Ana fara shi 17 ga Disamba, iyakar tsawonsa 23. Wasu al'adunsa sun iya tsallakowa cikin bukukuwan ƙarshen shekara, amma ranar ba tasa ba ce.

Na biyu Konstantin. Dokokinsa sanannu ne. A 321 ya mai da Lahadi ranar hutu. A 325 ya tara bishop-bishop a Nikiya, inda aka tattauna ranar Ista. Ba a sami wata doka tasa kan Kirsimeti ba. Abin da ya fi wanke shi ma shi ne birnin da ya gina da kansa, Konstantinoful, wato Istanbul ta yau: ya rasu a 337, amma sai wajen 380 aka ga ana bikin 25 ga Disamba a can. Sarkin da ya ƙirƙiro biki ba zai bar fadarsa shekara arba'in ba ta yi ba.

Na uku, wanda zarginsa ya fi nauyi, shi ne bautar rana. Sarki Aureliyan ya gina wa rana katafaren haikali a Roma a 274, kuma a tsohon lissafin Romawa 25 ga Disamba ce ranar da dare ya kai iyakar tsawonsa, yini ya fara ƙaruwa. Amma wa ya fara cewa ikilisiya ta aro ranar? Wani marubuci ne da ba a san sunansa ba, wanda ya yi ɗan sharhi a gefen littafin wani bishop na Suriyaniyawa, Diyonisiyus bar Salibi, a ƙarni na 12, shekara kusan 800 bayan faruwar abin. Daga baya masanan Turai suka ɗauko maganar, musamman Bajamushe Hermann Usener a 1889. A cikin ɗimbin wa'azin Kirsimeti na ƙarni na 4 da na 5 kuwa, ba wanda ya ce an aro. Ga kuma wani cikas: shaida mafi tsufa kan bikin rana na 25 ga Disamba ita ce littafin 354 ɗin nan dai, kuma a cikinsa manyan wasannin rana suna tsakanin 19 da 22 ga Oktoba ne, da wani biki a 28 ga Agusta. Kama da wane ba wane ba ne. Littafin ya nuna biki biyu sun haɗu, bai faɗi wanda ya riga wani zuwa ba.

Shaida daga Afirka

Bakin zaren ya ɓullo ne daga Afirka ta Arewa. A tsanantawar da Sarki Diyokletiyan ya fara a 303, wasu shugabannin ikilisiya sun miƙa littattafai masu tsarki aka ƙona. Da ƙura ta lafa, wajen 311 zuwa 312, sai ikilisiyar Kartaj, a Tunisiya ta yau, ta dare gida biyu. Ɓangaren da aka sani da mabiyan Donatus suka ce ba su ba wanda ya miƙa wuya, suka kuma ƙi duk wani sabon abu da ɗaya ɓangaren ya shigo da shi bayan rabuwar.

Shekara ɗari bayan haka, Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya soke su a wa'azi cewa ba sa yin idin 6 ga Janairu tare da sauran ikilisiya. Agustin ba mai raga musu ba ne ko kaɗan, amma bai taɓa zarginsu da ƙin 25 ga Disamba ba. Daga nan masana da dama suka ɗauki haske: in mutanen da suka rufe ƙofarsu tun 312 suna riƙe da 25 ga Disamba, to da ita suka fita. Wato ranar ta riga zamanin da sarakunan Roma suka rungumi Kiristanci, ta fito daga lokacin da ake kashe masu bi saboda sun ƙi ƙona wa gumaka turare. Da wuya irin waɗannan mutane su je aron biki a haikalin rana.

Wannan ya rage wa zargin ƙarfi, amma bai faɗi inda ranar ta fito ba.

Kujerar marmara

A 1551 aka tono wani mutum-mutumin marmara a bayan garin Roma, mutum zaune a kan kujera. Yau yana ɗakin karatu na Batikan, an kuma san shi da sunan Hippolitus, wani malamin Roma na ƙarni na 3. Abin dubawa yana jikin kujerar. A gefenta an sassaƙa layi-layi na lambobi da haruffan Helenanci: jadawalin gano ranar Ista na shekara 112, farawa daga 222. A gaban wasu ranaku an ɗan rubuta abin da ya faru a cikinsu. A gaban 25 ga Maris an sa shan wuyar Almasihu.

Ba shi kaɗai ba. Tun wajen shekara ta 200 Tatuliyan na Kartaj ya rubuta cewa an gicciye Yesu ranar 25 ga Maris, a shekarar da muke lissafa ta 29, kuma a wannan shekara ranar ta faɗo Juma'a. Dalilin wannan ƙoƙari a fili yake. An gicciye Yesu a lokacin Idin Ƙetarewa, 14 ga watan Nisan, kalandar Yahudawa kuwa ta wata ce, ta Romawa ta rana. Dole masu bi su nemi inda ranar ta faɗa a kalandar da suke aiki da ita. Wani ɗan littafin lissafin Ista da aka rubuta a 243, shekara 31 kafin haikalin Aureliyan, ya ƙara da cewa a 25 ga Maris ɗin ne Allah ya fara halittar duniya.

Ranar da ikilisiya ta fara nema ido rufe ke nan, ranar gicciye. Yanzu sai mai karatu ya ƙirga da yatsa daga 25 ga Maris: Afrilu, Mayu, Yuni, har wata tara. Zai tsaya a kan 25 ga Disamba.

Abin da ya haɗa gicciye da ciki

Saura mahaɗi guda. Me ya sa za a ƙirga watannin ciki daga ranar mutuwa? Mutanen da suna ganin rayuwar manyan bayin Allah cikakkiya ce, ba ta da guntun kwanaki. A al'adar malaman Yahudawa, an haifi Musa 7 ga watan Adar, ya kuma rasu 7 ga Adar. Ga Kiristoci kuwa zuwan Almasihu duniya ya fara ne tun ranar da mala'ika Jibra'ilu ya yi wa Maryamu albishir. Saboda haka suka ce ranar da ya shiga ciki ita ce ranar da ya ba da ransa.

Wannan ba hasashen mutanen yanzu ba ne. Wani rubutun Latin na ƙarni na 4 a kan juyawar rana ya faɗe shi ɓaro-ɓaro. Agustin ma a littafinsa kan Triniti ya ce an yi imani an ɗauki cikinsa 25 ga Maris, ranar da ya sha wuya, aka kuma haife shi 25 ga Disamba. Har gobe ikilisiyar Katolika da Anglikan da Otodoks suna idin albishirin Maryamu a 25 ga Maris. Bafaranshe Louis Duchesne ne ya farfaɗo da wannan bayani a 1889, Ba'amurke Thomas Talley ya ƙarfafa shi a 1986.

Gwajin amsar

In amsar nan gaskiya ce, ya kamata ta warware wani ƙulli kuma: me ya sa ikilisiyoyin gabas suka daɗe suna bikin haihuwar a 6 ga Janairu? A yankin Asiya Ƙarama, Turkiyya ta yau, wasu masu bi sun daidaita 14 ga Nisan da ranar 14 ta watan bazara na tasu kalandar, wadda ta yi daidai da 6 ga Afrilu. Masanin tarihi Sozomen na ƙarni na 5 ya ambaci wata ƙungiya da ke yin Ista a wannan rana. Ƙara wata tara a kan 6 ga Afrilu, ka sami 6 ga Janairu. Mabuɗi ɗaya ya buɗe kwaɗo biyu. Ikilisiyar Armeniya har yau a 6 ga Janairu take bikin haihuwar, haɗe da na baftisma.

Sauran gabas a hankali suka karɓi ranar Roma. A 386 Yohanna Kirisostom ya gaya wa mutanen Antakiya cewa ba a kai shekara goma da sanin ranar a garinsu ba, kuma da ya tashi kare ta, lissafi ya yi shi ma: Zakariya, mahaifin Yahaya Mai Baftisma, ya ga mala'ika a haikali cikin Satumba, aka yi wa Maryamu albishir a wata na shida na cikin Alisabatu matar Zakariya, wato Maris, sai haihuwa a Disamba. Iskandariya ta biyo wajen 432.

To 7 ga Janairu da Kibɗawan Masar da Habashawa da Rashawa ke yi fa? Wannan ba wata rana daban ba ce. Tsohuwar kalandar Yuliyus Kaisar tana da rarar kimanin minti 11 a shekara. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara ta, aka kwanta 4 ga Oktoba aka tashi 15. Waɗanda ba su bi gyaran ba yanzu suna baya da kwana 13. Taron da ake yi a Lalibela ranar 7 ga Janairu, 25 ga Disamba ce a tsohon lissafi.

Hukunci

Lissafin wata tara ba takardar haihuwa ba ce, kuma har yanzu akwai masanan da ke bayan Usener. Da yawa suna ganin abubuwan biyu sun haɗu: lissafi ya fito da ranar, dacewarta da juyawar rana kuma ta taimaka ta bazu. Masu wa'azi sun yi amfani da dacewar, amma sun ja layi. Agustin ya gargaɗi jama'arsa su girmama ranar saboda wanda ya halicci rana, ba saboda ranar da ke sama ba. A tsakiyar ƙarni na 5 Fafaroma Leo ya ga wasu masu zuwa sujada suna hawa matakalar majami'ar Bitrus, su juya su fuskanci gabas, su rusuna wa fitowar rana kafin su shiga. Ya tsawata musu a wa'azin Kirsimeti. Ashe kokawar hana biki haɗiye bangaskiya ba yau ta fara ba.

An gwada magani iri biyu. 'Yan tsarkake addini na Ingila sun soke bikin ɗungurungum a 1647, 'yan'uwansu na Masacusets a Amurka suka sa tarar sule biyar a 1659. Bai ɗore ba: Ingila ta dawo da shi a 1660, Masacusets ta janye dokar a 1681. Tsohuwar ikilisiya ita ba ta hana murna ba, sai ta kewaye ta. Kibɗawa suna azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba, ba nama ba ƙwai ba madara, sai an fito sujadar dare a ci. A ikilisiyoyin yamma akwai Lahadi huɗu na shiri. Washegarin Kirsimeti kuwa, 26 ga wata, ranar Istifanas ce, shahidi na farko; 28 ga wata ta jariran Baitalami da Hirudus ya karkashe. Jerin nan kan sa mai murna kada ya manta da abin da ya kawo jaririn duniya.

Mu a nan, daga Wusasa zuwa Jos, daga Biu zuwa Maraɗi, ba dusar ƙanƙara ke ɗauke mana hankali ba. Buhun shinkafa ne, da kaza, da anko, da kuɗin mota da ke ninkawa a tasha. Ba laifi ba ne a dafa, a yi ɗinki, a aika wa maƙwabta Musulmi kwano kamar yadda suke aiko mana da Sallah. Laifin shi ne uwa ta kwana a gindin murhu har sujada ta wuce ta, maigida ya ci bashin da zai kai shi damina yana biya, yaro ya san launin takalminsa amma bai san dalilin hutun ba.

Saboda haka bana, kafin a yanka kazar, a tara iyali a karanta sura ta 1 da ta 2 na Luka tare da ta 23 da ta 24. A ware rabon gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira tun ana auna shinkafa, ba sai an ga abin da ya rage a tukunya ba. In kuma wani ya tambaye ka inda aka samo ranar, kada ka sunkuyar da kai. Ka ce masa waɗanda suka bar mana bayani a rubuce, daga ranar gicciye suka fara ƙirga.